Kan da Iya ta bari a tsefe

Lafia,
cikin hutun Kirsimeti.

Zuwa ga Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata jirgin ƙasa ya sauke ki a Jos lafiya, kin kuma tarar da asibiti da abokan aikinki lafiya. Allah ya tsare ki a inda kike.

Ki gafarce ni, Yaya, da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ban taɓa yi ba, kuma na san bai kamata ƙanwa ta sa baki a abin da ya shiga tsakanin yayarta da mahaifiyarsu ba. Iya ce ta sa ni. Tun da muka dawo daga raka ki tasha ba ta ta da maganarki ba, sai yau da hantsi ta ce in ɗauko takarda da alƙalami. Ta zauna a kan turmi tana tsince wake tana faɗa, ni ina rubutawa. Inda ta zame ta koma harshenmu na Alago na mayar da shi Hausa gwargwadon iyawata. Ban ƙara komai ba, sai dai inda ta maimaita magana na rubuta sau ɗaya. Daga nan har zuwa inda zan sake sa sunana, bakin Iya ne.

Rifkatu, 'yar Assakio, ina gaishe ki. Ina gaishe ki da sanyin Jos da tsayuwar ɗakin haihuwa. Ubangiji ya riƙe hannunki a kan kowace mace da aka kawo miki, ya kiyaye fitarki da shigarki.

Na san da fushi kika hau jirgi. Na gani a yadda kika ja ɗankwali har gira, kika zauna a gefen da ba taga. Ban ga laifinki ba. Ni da ke ba mu iya doguwar magana ido da ido ba, kafin in kai tsakiya kin tashi, ko ni na tashi. Shi ya sa na zaunar da Saratu, ita takarda ba ta tashi.

Ranar da kika iso hutu kin cire ɗankwali za ki shiga wanka, sai na ga kanki. Kitson da na yi miki tun farkon damina, ranar da za ki kama aiki, shi ne a kanki har yanzu. Ya tsufa ya cukurkuɗe, wajen ƙeya kin kama da hannunki kin murɗe yadda ya samu. Ban tambaye ki komai ba, domin kan ya riga ya gaya mini. Macen da take da ko mutum ɗaya a gari ba ta wuce damina da kaka da kitso ɗaya. Saboda haka da kika faɗa a gaban Babanku cewa za ki ƙarasa wannan wata ki ajiye aikin ki dawo gida, ban yi mamaki ba. Kin ce sanyi ya yi yawa, aiki ba ya ƙarewa, ba mai jin harshenmu, daga ɗakin haihuwa sai ɗakin kwana. Babanku ya ce to, ya ci gaba da cin doyarsa. Shi a ganinsa duk ɗan da ya dawo gida riba ce.

Ni kuwa na tsefe miki kan, na wanke, na shafa man kaɗe, na taje. Da safen da za ki koma kika ɗauko kujera kika zauna tsakanin ƙafafuna, na ce miki hannuna yana ciwo. Kika ce, "Iya, ai jiya kika yi wa Saratu." Na ce wannan jiya ne. Kika ɗaure kanki a tsefe kika ɗauki akwati.

Hannuna lafiya lau yake. Da gangan na ƙi, kuma ko yau kika dawo da wannan magana haka zan sake yi. Ki saurara ki ji dalili.

Lokacin da na fara kasuwancin gishiri ban kai shekarunki na yanzu ba. A lokacin lori bai fara shiga Awe ba, da ƙafa muke zuwa, mata a jere, kowa da gammonta da kwandonta. Ni ce ƙarama a cikinsu, kuma ni ce mai sauri, har suna ce mini 'yar gaba. Da muka isa zuwan farko, sai na ga manyan sun sauke kwanduna, sun wanke ƙafa, sun nufi gindin wata tsamiya kusa da bukkokin da ake dafa gishiri. Kowace ta zaro tsinke da mataji. Matan Awe suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin hayaƙi suna zama a gabansu, aka kama kitso ana hira kamar ranar suna. Na ce a raina, duk wannan tafiya da muka sha don kitso muka yi ta? Na ɗauki kwandona na bi bukka bukka. Ba wadda ta hana ni, da fara'a ma suka auna mini. Kafin manyan su gama kai na biyu na cika kwando na ɗaure, na zauna a inuwa ina jin kaina.

A hanyar dawowa, da rana ta take, na ji ruwa yana bin wuyana. Na ɗauka gumi ne. Can sai ya shiga idona, na ji kamar an zuba barkono. Ashe sabuwar dahuwa na saya, wadda ba ta tsane ba. Gishirin ya riƙa narkewa yana bi ta kwando, ya jiƙa gammo, ya ratsa gashina, ya gangara bayana yana cin duk inda ciyawa ta karce ni. Sauran mata kayansu a bushe ƙamas. Gwaggo Laraba, dattijuwar da ke jagorantarmu, ta dube ni ta ce, "Ku ga 'yar gaba, ta yi wanka ba rafi." Aka yi ta dariya har Lafia. Na isa gida da kwando ya yi sauƙi, fatar kaina duk ta saluɓe.

Ita Gwaggo Laraba ce ta zo tana shafa mini mai, ta warware mini abin. Ta ce in tuna hannuwan matan nan. Duk rani suna cikin ruwan gishiri da wuta, yatsunsu duk sun tsattsage, silin gashi in ya shiga tsagar kamar reza yake. Ba sa iya yi wa juna kitso sai ruwan sama ya sauka an ɗaga aikin. Don haka duk wadda ta zo daga waje da lafiyayyen hannu ita ce ke yi musu. Ba a taɓa kiran wannan ciniki ba, ba kuma a biyan komai. Amma mace in kanta yana kan cinyarki, bakinta yana buɗewa. A nan za ta gaya miki gishirin wa ya daɗe a kan rumfa ya bushe, na wa aka sauke da safen nan, ta aiki 'yarta cikin ɗaki ta ɗebo miki na ajiya. Ni ba su cuce ni ba. Gishiri na tambaya, suka ba ni wanda ke bakin ƙofa.

Zuwa na gaba na zauna a gindin tsamiya. Wadda ta faɗo hannuna ita ce Azumi, wadda har yau gidanta nake sauka in na je Awe. Na yi mata kitson zane kwantacce irin namu na masu ɗaukar kaya, ta duba a ruwan ƙwarya ta ce na mayar da ita 'yar dako, na ce ai ya fi hayaƙin da na tarar. Daga wannan ranar muke ƙawance.

To, ke ma irina ce, 'yar gaba. Kin je Jos kin kama aiki da hannu biyu, kin ɗauka duk wani zama ɓata lokaci ne. Ban raina aikinki ba. Abin da kike yi ni ban iya ba, kuma ina faɗa a kasuwa da baki cike cewa 'yata ce ke karɓar haihuwa a asibiti. Amma na ga hannunki, sabulu da maganin wanke hannu sun busar da shi. Na sauran 'yan matan ma haka yake, kuma yawancinsu daga wani gari aka kawo su. Ki ɗan duba ƙarƙashin farar hular nan da kuke sawa. Na tabbata akwai wadda kanta ya fi naki lalacewa, tana ɓoyewa kamar yadda kika ɓoye.

Na tambaye ki abin da ake sayarwa a kasuwar Jos kika ce ba ki sani ba. Wannan ma gadona kika yi, kuma ba gado mai kyau ba ne.

Na yi shekaru ina hawa jirgi zuwa Makurdi, in kai gishiri in sayo busasshen kifi. Da na shiga sai in hau kan kayana in zauna, in ba taga baya, idona a kan hannun mutane. In jirgi ya hau gada, abin da na sani kawai ƙararsa tana sakewa, sai in ce mun kusa. Wata rana wata mata Tibi, ƙatuwa, mai sayar da riɗi, ta zauna kusa da ni. Da ƙarar ta sake sai ta zungure ni, ta ce da irin Hausarsu, "Kai mace, ka tashi ka ga ruwa." Na ce ina tsaron kaya. Ta ture ni ta haye kan kwandona ta baje, ta ce, "Yanzu ɓarawo ya zo ya ɗauka da ni."

Na leƙa. Rifkatu, ruwa ne har inda ido ya ƙare. Kwale-kwale a kai kamar ɓawon gyaɗa, farin yashi a tsakiya, masu su suna watsa taru yana buɗewa a sama kafin ya faɗa. Duk shekarun nan ina wucewa ta kan wannan abu ina kallon igiyar kwando. Da na dawo ina ba Babanku labari da zumuɗi, ya ce ai shi da bai taɓa zuwa ba ya san da kogin, ni ce kaɗai a Lafia na gano shi yau.

Tun daga nan, duk garin da na kai kaya sai na ware wani yanki na yini wanda ba na ciniki ba. Na tsaya na ga yadda ake sassaƙa kwale-kwale daga gungume ɗaya. Na zauna wajen masu saƙar zanen nan mai baƙi da fari har aka ba ni na jefa ƙoshiya, na tsinka musu zare, suka kore ni da dariya. Na ga rawar Tibi, wadda suke lanƙwasa kamar ba ƙashi a jikinsu, na gwada a bayan gida Babanku ya ɗauka kunama ce ta harbe ni. Waƙoƙin da nake yi muku kuna ƙanana, rabinsu a hanya na tsinto. Cinikina bai ragu ba don wannan. Abin da ya ragu shi ne nauyin da nake ji a ƙirji in na tuna gobe ma tafiya ce.

Don haka ranar da aka ba ki hutu, kada ki ƙarar da ita a wankin farar riga da barci. Ki wanke da sassafe ki shanya ki fita. Ki shiga kasuwa ko ba za ki sayi komai ba. Ki hau ɗaya daga duwatsun nan da ake ba mu labari ki ga garin daga sama. An ce akwai wani gida da ake ajiye tukwane da kayan mutanen da, ki je ki gano mini ko tukwanensu sun fi namu. Ran Lahadi kuma in kin je sujada ki daina zama a bakin ƙofa don ki riga kowa fita. Na san haka kike yi, ba sai an gaya mini ba. Ki shiga cikin mata masu waƙa. Kina da murya, kin kuma iya buga tulu tun kina ƙarama, su kuwa mata ba su taɓa ƙin mai buga tulu ba.

Saura maganar da kika fi nanatawa, wai ba mai jin harshenmu, wai waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya daga Birom sai Angas sai Bayarabiya. A kan wannan ne na yi kuskuren da ya fi sauran, kuma ke kina cikinsa ko da yake ba ki sani ba. Kin san a Assakio aka haife ki. Yadda aka yi ne ban taɓa ba ki daki-daki ba.

Bayan abin da ya same ni a Awe na koyi zama, amma sai na riƙa zaɓe. A kasuwar Assakio, inda nake kai gishiri, matan Alago da 'yan ikilisiya kaɗai nake yi wa kitso in kasuwa ta lafa. Kusa da inda nake baje kaya akwai wata Bafillatana mai tallar nono, sunanta Dija. Muna gaisawa, takan sayi gishiri saboda shanunsu, shi ke nan. Wata rana kitsonta ya warware ta ƙeya, ta juyo mini baya ta ce in ɗan kama mata. Na ji warin man shanu, na ga irin kitson ba namu ba ne, ita ma ba tamu ba ce, ba addininmu ɗaya ba. Na ce mata na manta tsinke a gida. Tsinken kuwa yana soke a ɗankwalina, kansa a waje. Ta dube shi, ta dube ni, ta gyara zaman ƙwaryarta.

Shekara ta kewayo ina da cikinki. Babanku ya ce in bar tafiya, na ce saura lokaci, wannan kasuwa ɗaya kawai. Ruwa ya fara sauka a lokacin. Da azahar hadari ya haɗo, kasuwa ta watse, abokan tafiyata sun riga sun wuce wani ƙauye karɓo kaya a kan za mu haɗu da yamma. Ina tattara gishiri kada ruwa ya taɓa shi, sai naƙuda ta kama ni a durƙushe. Matan da na saba yi wa kitso duk sun gudu gida da kayansu, ba da mugunta ba, ba su gani ba ne. Dija ce ta waiwayo. Ta ajiye ƙwaryar nono a ƙasa, ta ƙwala wa ƙanwarta kira, suka kama ni hagu da dama suka nufi rugarsu a bayan gari, ruwa yana dukanmu. Surukarta ce ta karɓe ki, wata tsohuwa da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ni ina kiran sunan Yesu da Alago, ita tana nata da Fulatanci, kuma mun fahimci juna sarai. Ke da kike wannan aiki kin fi ni sanin cewa a wannan wuri ba a bukatar tafinta.

Na zauna a bukkarsu har na yi ƙarfi. Su suka dafa mini ruwan wanka, suka ɗura mini kunu da madara har na fara ƙoshi da ganin ƙwarya. Gishirina ma ƙanwar Dija ta koma cikin ruwan ta kwaso abin da ya saura. Da na fara zama a waje, Dija ta zo ta bayana ta zauna, ta kwance mini ɗankwali, ta zare tsinkena ta juya shi a hannu.

Ta ce, "Ashe tsinken ya biyo ki daga gida."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ita kuwa ta ja kaina ta kwantar a cinyarta, ta lafta mini man shanun nan da nake gudu, ta yi mini irin nasu, dogaye biyu suna reto a kumatu. Tana yi tana ba ni labarin wuraren da suka bi da shanu, ni ina ba ta na Awe da Makurdi. Kafin ta gama na daina jin warin.

Ranar da Babanku ya zo ɗaukarmu ina zaune a bakin ruga, an yafa mini zanen Dija don nawa yana shanya. Ya zo ya rusuna a gabana ya gaishe ni da ladabi, ya ce don Allah ina matar nan ta Lafia da ta haihu a nan. Dija ta fito ta ce, "Mun sayar da ita. Ka karɓi wannan, ta fi waccan hankali." Ki tambaye shi, zai ce ƙarya nake yi, rana ce ta shiga idonsa.

Daga baya sun gangara wajen kogi da shanunsu, amma duk shekarar da suka biyo ta nan sai Dija ta neme ni. Tambayarta ta farko kullum ita ce ina 'yarta. Da na gaya mata kin zama ungozomar asibiti ta ce ba mamaki, a hannun gwanaye kika faɗo.

Kin ga ke nan, hannun da ya fara taɓa ki a duniya ba na Alago ba ne. Kada ki zauna jiran wata 'yar Lafia ta faɗo daga jirgi. Bayarabiyar nan da kika ce tana da surutu, an ce su gwanayen kitson zare ne. Ta Birom ɗin kuma garinsu ne, ta san inda ake zuwa da inda ba a zuwa, tana da uwa a kusa wadda za ta dafa miki abin da ba na asibiti ba.

Na san kunyarki. Ba za ki iya buɗe baki ki ce wa mutum ya yi miki abu ba, a nan ma ni kika biyo. To kada ki roƙa. Ki jira ranar da kuka sami hutu tare, ki shimfiɗa tabarma inda rana take, ki ce wa ɗaya daga cikinsu, zo in tsefe miki. Wannan kaɗai. Ba a ƙin wannan. In kin gama nata ki cire ɗankwalinki ki fara taje naki a gabanta. Mace ba ta iya zama da sabon kitso tana kallon wadda ta yi mata da kai a tsefe. Da na yi miki kafin ki tafi, da kin sake rufe shi da hula har wata damina, ba abin da zai tilasta ki. Yanzu kuwa gashin nan naki mai cika ba zai zauna a ƙarƙashin hula ba, Sista Baturiyar nan da ke shugabantarku ma za ta yi magana. Dole ki nemi hannu.

Game da ajiye aiki, ga maganata. Nan gidan ubanki ne, ba wanda zai rufe miki ƙofa. Da aikin ne ya fi ƙarfinki, ko wani yake wulaƙanta ki, da ni da kaina zan hau jirgi in zo in ɗauko ki. Amma na saurare ki da kyau, duk cikin ƙorafinki ba ki zagi aikin ba ko sau ɗaya. Da kika ba mu labarin tagwayen da kika karɓa, har tsaye kika miƙe kina nunawa da hannu. Kaɗaici ne ke korar ki, shi kuwa ba a gudunsa, don in kin dawo nan kin zauna kina tuna abin da kika bari, wani irinsa zai same ki a tsakar gidan nan. Kada ki kai musu takardar barin aiki a ƙarshen watan nan. Ki bari a yi miki kitso a Jos, ya tsufa, a tsefe, wadda ta yi ta sake yi. In bayan wannan har yanzu zuciyarki tana gida, ki taho. Zan tare ki a tasha in ɗauki akwatinki a kaina, kuma ba za ki taɓa jin na ta da maganar ba.

Wani ɗan ikilisiyarmu zai hau jirgin Jos, shi zai kawo miki wannan takarda da ɗan ƙulli. A ciki akwai man kaɗe a gwangwani da tsinke. Tsinken nan shi ne wanda na ce na manta a gida. Ya yi kan Azumi, ya yi nawa a hannun Dija, ya yi naki tun gashinki bai kai kamu ba. Kada ki ajiye shi a akwati.

Ba sai kin wahalar da kanki da doguwar amsa ba, na san ba ki da lokaci. Suna ɗaya nake so ki rubuto, sunan wadda ta yi miki.

Ubangiji ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare ki daga ciwo da mugun baki. Ya sa hannunki ya zama sanyi ga masu naƙuda. Ya ba ki mutane a inda ba ki da kowa, kamar yadda ya ba ni. Babanku yana gaishe ki, ya ce duk abin da na faɗa game da shi ki rage rabi.

Ni ce mahaifiyarki.

Yaya, Saratu ce kuma. A nan Iya ta tsaya, ta ce in karanta mata daga farko, na karanta, ta ce haka ne, in rufe.

Akwai abu ɗaya da ba ta sa ni in rubuta ba, ba ta kuma hana ni ba, don ba ta san na lura ba. Ranar da muka dawo daga tasha ta shiga ɗaki ta tsefe nata kan. Har yau a tsefe yake cikin ɗankwali. Maƙwabciyarmu mai yi mata ta shigo da mataji, Iya ta ce ta bari tukuna, tana jiran saƙo daga Jos. Ga shi lokacin zuwa Awe ya matso, kin kuma san gammo ba ya zama a kan da ba kitso. Don Allah, Yaya, kada sunan ya daɗe.

Hutunmu ya kusa ƙarewa, zan koma makaranta. Ni ma a can ba na iya ce wa kowa komai, kuma yau da nake rubuta maganar Iya na ji kamar rabinta da ni take. In ba za ki ga rashin kunyata ba, ina roƙon ki yarda in sake rubuto miki daga can, wannan karon da bakina.

Ƙanwarki mai biyayya,
Saratu.